Jumare da Yatsun Ƙaninsa

Duk wanda ya zauna Inugu a shekarun da Turawa ke haɗa kayansu, in dai yana salla a masallacin 'yan Arewa na unguwar Coal Camp, ya san Jumare. Ba don ya yi wani abu ba. A sahun gaba yake tsayawa, dama da liman, kuma in ana addu'a amin ɗinsa ce ke riga ta kowa fita. Dillalin awaki ne a Kasuwar Artisan. Ya zo garin yana saurayi, cikin taragon dabbobi, yana tsaron tumakin wani mutumin Gusau. Tumakin suka ƙare a tukwanen mutanen gari, mai su ya koma gida, shi ya zauna.

Karatunsa bai yi nisa ba, amma Allah ya ba shi gemu mai kyau da murya mai kauri, kuma a baƙon wuri waɗannan biyun kan yi wa mutum aikin da littattafai ke yi masa a gida. Ba a daɗe ba aka fara ce masa Malam. Bai taɓa cewa a kira shi haka ba, bai kuma taɓa hanawa ba. A kasuwa kuwa ya iya sana'arsa. Zai dafa gadon bayan akuya ya kushe ta gaban mai ita, ya juya ya yabe ta gaban mai saye, da baki ɗaya da rantsuwa ɗaya, kowa ya tafi yana gode masa.

Yana da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, sunansa Muntaka. Tela ne, ya biyo yayansa daga baya da keken ɗinkinsa da matarsa Dije, suka kama ɗaki a gidan hayar da Jumare yake. Muntaka mutum ne mai shiru. Tun suna yara abin da Yaya ya ce shi ne, ko da kuwa ya ce rana daga yamma take fitowa. Jumare yana son wannan hali nasa ƙwarai, yakan ma yabe shi a gaban mutane.

A shekarar da aka yi babban zaɓe ne ciwon ya fara. Muntaka ya daina barci. Yakan tsayar da keke a tsakiyar ɗinki ya karkata kai yana saurare, in an tambaye shi ya ce keken ne ke kiran sunan mahaifiyarsu. Jumare ya ce iska ce, ya kuma ɗauki abin a hannunsa. Aka yi rubutu, aka yi turare, aka yanka baƙin bunsuru wanda dama ya daɗe a turke ba a taya ba. Damina ta wuce ana haka. Rannan Muntaka ya ɗauki almakashi ya yi gunduwa-gunduwa da yadin mutane, ya fita da shi a hannu ya bi hanyar jirgi. 'Yan sanda suka kama shi, kuma daga hannunsu ne ya isa asibitin gwamnati, ba daga hannun ɗan'uwansa ba.

Ranar da za a sallame shi, Jumare da Dije suka je. Mai ba da magani wani ne Lucas, mutumin kudancin Zariya, Kirista, Hausarsa tas. Ya ajiye kwalbar ƙwayoyi a gabansu ya yi bayani a hankali.

“Sabon magani ne, kuma yana aiki. Amma yana da nasa halin. Zai yi barci da yawa, harshe zai yi nauyi. Wasu jikinsu kan sandare, yatsu su riƙa murzawa haka.” Ya ɗora babban yatsa a kan manuni ya murza. “In abin ya yi yawa ku dawo da shi likita ya rage. Abu ɗaya nake roƙo, kada ku tsayar don kun ga sauƙi.”

Jumare taga yake kallo. Bai saba a karantar da shi ba, balle mai ɗan gicciye a wuya. Dije ce ta ɗauki kwalbar ta ƙulle a bakin zane.

Maganin ya yi abin da aka ce, duka biyun. Keke ya yi shiru, Muntaka ya gane matarsa, ya ci abinci, ya yi wanka da kansa. Amma ya zama kamar wanda aka jiƙa aka shanya. Fuskarsa ta daskare, ba fara'a ba fushi. In ka gaishe shi sai ka ƙosa kafin amsa ta fito. Asuba takan wuce shi yana kwance, ya tashi rana ta take yana istigfari. Yatsun kuwa suka kama murzawa, har ya kasa zura zare a allura. Ya rufe keke da tsohon zane, ya koma zama kan tabarma a ƙofar gida, hannunsa a kan gwiwa.

Abin ya dame shi. Ya ce wa yayansa, da harshen nan mai nauyi, “Yaya, ina salla ban san raka'a nawa na yi ba. Fatiha ma da ƙyar take fita. Anya wannan abu ya halatta?”

Tambaya ce ta tsakani da Allah, daga mutumin da ke tsoron Ubangijinsa. Jumare ya ji daɗinta, don dama yana da jawabi a ajiye. Ya kai ta majalisar ƙofar masallaci bayan la'asar. Abin da ya sa mutum layi, in ji shi, ya kwantar da shi har alfijir ya wuce, ya ɗaure masa harshe daga ambaton Allah, mene ne sunansa in ba maye ba? Nasara ba su iya ba Musulmi giya a kwalba ba, sai suka dunƙule ta a ƙwaya.

Liman tsoho ne mai taka-tsantsan, wanda ya san a gidan haya yake limanci. Ya daɗe yana shafa gwiwa kafin ya ce, “Maye hankali yake ɗaukewa. Wannan kuwa, a yadda na ji, dawo da shi ya yi. In yana wahalar da shi a koma wa masu shi su rage. Amma Allah ne masani.”

Jumare ya riƙe jimlar ƙarshe ya bar sauran a ƙofar masallaci. Sai dai bai hana maganin ba, bai kuma mai da ƙaninsa asibiti an rage ba. Hanawa za ta dawo da almakashi, komawa kuma sai ya sake tsayawa gaban Lucas. Saboda haka ya zaɓi abin da ya fi sauƙi: Dije ta ci gaba da bayarwa a ɗaki, shi ya ci gaba da la'anta a waje.

Da haka aka tafi har gab da Babbar Salla, lokacin da Alhaji Gimba ya zo. Babban ɗan kasuwa ne da ya daɗe a Anaca, mutum mai son malamai da neman albarka, ya zo neman raguna Jumare ya jawo shi gida cin abinci. A ƙofa Alhaji ya tsaya cak. Ga mutum zaune, idonsa a kafe ba ya ko ƙiftawa, ƙuda na sauka a goshinsa bai kula ba, an yi sallama bai ɗago ba. Babban yatsansa kuwa na tafiya a kan manuni, ɗaya bayan ɗaya, ba tsayawa.

Alhaji ya rage murya. “Malam Jumare, wane bawan Allah ne wannan da ke jan carbi babu carbi?”

Amsar na bakin Jumare. Ya ma buɗe baki zai ce ƙanena ne, ba shi da lafiya. Sai ya ga Alhaji Gimba, mutumin da shi Jumare ke rusuna wa, yana tuɓe takalmi.

“Ƙanena ne,” in ji shi. Ya sauke kai. “Haka yake wuni.”

Alhaji ya durƙusa ya nemi addu'a. Muntaka ya daɗe yana kallonsa, sa'an nan ya ce, “Ni ba komai nake yi ba. Hannun ne ke yi da kansa.”

Alhaji ya juyo idonsa cike da ƙwalla. “Ka ji ko? Gaɓa ta saba da zikiri har ba ta jiran mai ita.”

Kafin watan ya mutu labari ya kai Anaca, ya gangara Fatakwal har unguwar Borokiri. Mutanen da suka bar gida da nisa suna da yunwar irin wannan abu, kuma mai yunwa ba ya tsayawa bambance kitse da rogo. Aka fara zuwa. Mai neman haihuwa, mai ƙara a kotu, mai kayan da suka maƙale a tashar jirgin ruwa. Su zauna su zuba wa hannun ido. Jinkirin amsarsa ya zama zurfin tunani, daskarewar fuskarsa ta zama gudun duniya. Har yawun da kan zubo masa a gefen baki an samu wadda ta goge da gefen mayafi ta ƙulle. Jumare ya sa aka share ƙofar gida, aka shimfiɗa buzu. Shi ke cewa wane ya matso, wane ya dakata. Goro da turare da yadi ta hannunsa suke bi. Sunansa ma ya ƙaru, ya zama Yayan Malam, kuma ya lura a kasuwa yanzu ba a cika ja da maganarsa a kan akuya ba.

Ko ya tuna yatsan Lucas a kan teburin asibiti? Taga yake kallo a ranar. Mutum kuma ba a tilasta masa tuna abin da bai kalla ba.

Dije dai ta tuna. Amma mace ba ta fitowa ta ƙaryata yayan mijinta gaban baƙi, kuma mijin nata yana ci yana barci. Ta bar su da haukansu tunda nasa ya lafa.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, sai dai wannan ta wani gefe ya ƙure. Wani abokin hamayyar Jumare a dillanci ya ga Dije a layin karɓar magani. Washegari a kasuwa, ana tsakiyar ciniki, ya ɗaga murya yana dariya. “Yayan Malam, ina kwanan waliyyin ƙwaya? Ashe giyar Nasaran da kake zagi a masallaci a gidanka take kwana?”

Jumare bai ci abincin rana ba. Ya auna abin ta kowane gefe, kamar yadda yake auna dabba, kuma a duk awon bai sa hankalin ƙaninsa a sikeli ba. Da la'asar ta yi, baƙi sun cika ƙofar gida, liman ma yana wucewa aka tsayar da shi. Jumare ya shiga ya tsaya a bakin labulen Dije.

“Miƙo kwalbar nan.”

“Yaya, ba lokacin sha ba ne.”

“Na ce ki miƙo.”

Labulen bai motsa ba. “Yaya ya manta da almakashi ke nan.”

“Ayar Allah ce ta warkar da shi, ba ƙazantar kafirai ba. Ke ce kike ɗura masa a ɓoye.”

“A ɓoye? Ai ina ce bango ɗaya ne tsakaninmu.”

Ya ɗaga labulen da kansa, abin da bai taɓa yi ba, ya ɗauki kwalbar a kan akwati. A waje ya ɗaga ta sama kowa ya gani. Ya yi magana mai tsawo, muryar nan ta yi masa aiki. Ya ce jahilcin mace ne ya shigo da ita gidan. Ya ce haram ce kamar giya, kamar mushe, kuma duk wanda ya haɗiye ta yana sane sallarsa tana rataye. Ya juye ƙwayoyin a kwata, jama'a suka yi kabbara. Liman ya dubi ƙasa, ya tuna yana da wani uzuri. Muntaka kuwa yana kan buzu yana kallon bakin yayansa, yana ɗaukar kowace kalma kamar yadda ya saba tun yana yaro.

Makonnin farko Jumare ya yi ta yawo da ƙirji a gaba, kuma a gaskiya yana da abin nunawa. Harshen Muntaka ya saki. Fuskarsa ta dawo, har ya yi dariya. Ya riga kowa zuwa asuba, ya zura zare a allura, ya yaye zanen da ke kan keke. Ya kama hannun yayansa ya yi masa godiya da hawaye. Wanda duk ya gan shi a lokacin zai ce Jumare ya yi gaskiya.

Sai dai yatsun sun fara lafawa. Yau su yi kaɗan, gobe su yi ƙasa da haka, har rannan hannun ya kwanta a kan gwiwa kamar hannun kowa. Baƙi suka zo suka zauna suka kalla, suka kalli juna. Ga mutum yana gaisawa da sauri, yana tambayar labarin hanya, yana korar ƙuda. Tela ne kawai. Wasu suka ce albarkar ta tashi, wasu suka ce dama. Ƙofar gida ta fara yin fili.

“Ka ɗan riƙa motsa su mana in mutane sun zo,” Jumare ya ce masa a keɓe.

“Motsa me, Yaya?”

“Yatsun. Zikiri ai ba laifi ba ne.”

Muntaka ya gwada don biyayya. Amma mai lafiya kan gaji, ya manta, ya sosa kunne. Ba a yaudari kowa ba.

A cikin kwanakin ne Dije ta aiko a ce wa Yaya mijinta ya fara tsayar da keke yana saurare. Jumare ya ce gajiya ce. Ta sake aikowa cewa ba ya barci. Ya ce masu ibada dama ba su cika barci ba. Abin da ya tayar da shi zaune saƙon Alhaji Gimba ne: bayan an gama bikin samun mulkin kai zai zo da manyan baƙi daga Fatakwal, su ga abin da ya gani da idonsa.

Da hantsi, lokacin da maza suka watse, Jumare ya je bakin labulen. Wannan karon sallama ya yi, har sau biyu.

“Dije, ina gajiya? Na ce... ko akwai sauran abin nan?”

“Wane abu, Yaya?”

“Na asibiti.”

“Au, mushen? Ai yana kwata. In an tona ƙila a samu.”

“Lalura takan halatta abin da aka hana. Malamai sun faɗa.”

“Lalurar wa?”

Sai hannunta ya fito ta gefen labule da sabuwar kwalba, a cike. Ashe tun washegarin ranar ta koma wurin Lucas ta karɓo.

“Kullum sai na miƙa masa, kullum sai ya ce Yaya ya ce haram ne. Na yi kuka, na yi roƙo, na ce mu koma a rage masa. Na sa a kunu ya gane, ya daina cin abin hannuna. Wanda ya ɗaure shi ya san bakin zaren. Ga ta nan.”

Ya sami Muntaka a gaban keke, bai ɗinka komai, kansa a karkace. Idanun sun faɗa. Jumare ya zauna kusa da shi, ya sassauta murya irin yadda yake yi wa mai saye. Ya ce ya sake bincike. Ya ce ashe akwai saɓanin malamai. Ya ce Wanda ya saukar da cuta Shi ya saukar da magani, kuma liman ma haka ya faɗa tun farko. Duk abin da ya faɗa a ranar daidai ne, kuma ya faɗe shi da kyau. Ya zazzago ƙwaya ɗaya a tafin hannu ya miƙa.

Muntaka ya dubi ƙwayar, ya dubi fuskar. Ya ja da baya a hankali har ya jingina da bango.

“An gaya mini za ka zo,” in ji shi.

“Wa ya gaya maka?”

Ya nuna keken da haɓa. “An ce wani zai zo da fuskar Yaya, da muryar Yaya, ya ba ni haram. Yayana ya tsaya gaban liman da jama'a ya faɗi hukuncin Allah. Yayana ba ya magana biyu.” Ya fara karanta ayar neman tsari, yana tofawa wajen Jumare.

“Muntaka, ni ne fa.”

“Fita.”

Ya fita. Bai sake gwadawa ba, don da ya matsa za a yi hayaniya, maƙwabta kuma su ji abin da ke tafin hannunsa. Mai da shi asibiti da ƙarfi yana yiwuwa, Lucas ma ya aiko ya ce a kawo shi. Amma sai an ratsa Coal Camp da shi a ɗaure, da rana, zuwa wurin da Yayan Malam ya tsine wa gaban jama'a. Jumare ya ce asibiti ba wurin Musulmi ba ne, gida za a kai shi, wurin manya.

Ba a kai ga zuwan Alhaji Gimba ba. Kafin nan Muntaka ya fasa keken da taɓarya don ya yi shiru, bai kuwa yi ba. 'Yan'uwan Dije biyu suka zo daga Arewa, aka sa shi a jirgi da igiya a hannu, an rufa masa babbar riga don kada a gani. Dije ta bi mijinta. A tasha Jumare ya yi mata nasiha a kan haƙuri, ta saurara har ya gama, ta hau.

Ƙauyensu ba asibiti, ba mai ƙwaya ko ta halal ko ta haram. Aka kai shi gidan wani mai maganin mahaukata, aka sa masa mari a ƙafa. A nan ya yi sauran shekarunsa, Dije na kai masa tuwo.

Jumare ya zauna Inugu har lokacin da rikici ya sa zama ya gagari 'yan Arewa, ya dawo Arewa da gemunsa ya yi fari. Da Alhaji Gimba ya iso da baƙinsa a waccan shekara, a ƙofar gida ya tarbe su, ya sa aka kawo ruwa. Suka tambayi Malam. Ya sauke kai ya ce Malam ya koma gida ya shiga halwa, ba ya fita, ba ya ganin kowa. Baƙin suka jinjina, suka bar abin da suka zo da shi a hannun yayansa, suka roƙa in ya aika ya sa su a addu'a. Ya ce in Allah ya so.